Ranar da Na Nome wa Madam Furanninta

Ranar Juma'ar farko ta watan Satumba, a shekarar da zan shiga aji biyar, hantsi ya same ni durƙushe a cikin gandun dajin da mahaifina yake gadi, arewa da Garwa, da 'yar fartanyata mai gajeriyar ƙota a hannu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi taushi, ciyawa tana biyo hannu har saiwarta ba gardama. A gabana akwai wani fili mai kusurwa huɗu, taku huɗu kowane gefe, an kafa masa jajayen turakun ƙarfe. Irinsa goma sha biyu ne a warwatse cikin dajin, muna kiran kowannensu fegi. Kafin ladan ya kira salla daga ƙauyen da ke ƙetaren hanya, na gama da uku. Na miƙe na goge gumi da bakin zanena, na dubi aikina ban ga abin kushewa ba. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ban san cewa da wannan fartanyar na jefa aikin mahaifina da gidan da muke kwana cikin haɗari ba.

Watanninmu huɗu ke nan a wurin. Kafin nan a cikin gari muke, a gidan Bappa, wan mahaifina. Danginmu fatake ne da kakanninsu suka zo daga ƙasar Kano suka zauna, kowa da rumfarsa a kasuwa, ban da Baba, wanda bai iya ciniki ba kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ɗaki ɗaya muke da shi, mu biyar, kakata Inna kuma tana raɓe a ɗakin wata tsohuwa. Da farkon daminar nan Baba ya sami gadin gandun dajin, aikin ya zo da gida: ɗaki uku mai rufin kwano, da rijiya, da tsamiya a tsakar gida, da ɗan fili a baya inda aka yarda mu shuka gyaɗa da kuɓewa. Sai dai na gwaji ne. An kori wanda ya riga shi saboda shanu sun shiga fegi sun cinye. Shef ɗin ma'aikatan daji ya faɗi sharaɗinsa da Faransanci, Baba ya dawo ya maimaita mana da Hausa: "Idan Madam ta zo ƙidaya ta sami fegi goma sha biyu lafiya, aiki naka ne. In ba haka ba, ka kawo mini makulli."

Ban taɓa samun sarari irin na wannan daminar ba. Da sassafe ni ke jan ruwa a rijiya in cika randuna, in share tsakar gida, in taya Umma surfe, sannan in ɗauki kwando in bi Inna bakin ƙorama tsinkar tafasa da karkashi. A hanya take nuna mini abin da ake ci, da abin da ake jiƙa wa mai ciwon ciki, da abin da ba a bari yaro ya kai baki. Da azahar ni da ƙannena biyu mu zauna gindin tsamiya muna carafke da duwatsun ƙorama, waɗanda suka fi na cikin gari santsi, ko mu zana 'yar gala-gala a jiƙaƙƙiyar ƙasa, layin ya zauna har kwana biyu. Birai sukan zo kan katanga su zura wa kuɓewarmu ido, mu kore su da gwangwani. Umma, wadda a gidan Bappa ba a cika jin muryarta ba, ta fara waƙa tana tuƙin tuwo. Inna ta sami ɗakinta ita kaɗai, ta rataye ƙunshin ganyayenta a jikin azara, ɗakin ya riƙa ƙamshin ɗoɗɗoya.

Madam ɗin da shef ya ambata malamar kimiyya ce a wata sakandare a Garwa. Kowace shekara, ranar Asabar ɗin da ke gaban buɗe makarantu, takan tara 'yan sa-kai, ba wanda ake biya, su zo su ƙirga furannin dajin da suka fito a cikin kowane fegi, su rubuta a littafi, don a riƙa gwada bana da bara a ga abin da ke ƙaruwa da abin da ke ɓacewa. Wannan bayanin daga baya na same shi. A lokacin, abin da na sani shi ne wata mata tana son furanni, kuma saboda ita awakinmu uku suka ƙare damina a ɗaure suna kuka. Baba ya sare ƙaya ya kewaye kowane fegi. Kullum da safe yakan zaga iyaka a kan kekensa, in ya haɗu da makiyaya masu gangarowa kogin Binuwai ya sauka, ya miƙa goro, ya yi ta lallashi da Fulatanci har su karkata garken. Mu kuwa umarni biyu ya ba mu: kada a bar dabba ta shiga, kada a kunna wuta kusa. Bai taɓa ambaton fartanya ba, don bai zo masa a rai ba.

Ni kuma tarbiyyar da aka yi mini guda ce game da ciyawa: abin kunya ce. A bayan gida, in gyaɗa ta yi kwana goma ba a bi ta ba, Umma takan ce mun mai da ita marainiya. In za a yi baƙi, tun daga bakin hanya ake fara shara. A lekol kuwa, wato makarantarmu ta boko, duk ranar da aka ce sufeto zai zo, ba karatu, kowa da fartanyarsa, mu nome fili tas, mu jera duwatsu a gefen hanya mu shafa musu farar ƙasa. Malaminmu yakan ce: "Sufeto ba kanku yake fara dubawa ba, filin makaranta yake fara dubawa." To ga baƙi za su zo daga birni gobe, aikin Baba yana hannunsu, ni kuma na leƙa fegi na ga abin da ya tayar mini da hankali. A tsakiyar kowanne akwai fure ɗaya ko biyu masu kyan gani, ciyawa ta shaƙe su har wuya. Na ce a raina Baba ya yi ta fama da shanu ya manta da noma. An hana dabba shiga gona, amma wa ya taɓa hana mai gona nome ta?

Na jira ya hau keke ya tafi masallaci da wuri kamar yadda ya saba, na ɗaga ƙayar na shiga. Na yi aikin da natsuwa. Na bar gatarin kurege, mai jan fure da bakin rawaya kamar harshen wuta, na kafa masa sanda ya hau. Na bar rumana guda uku, na tara musu ƙasa a gindi kamar yadda ake yi wa dawa. Duk sauran na cire: balasana mai shuɗin fure, da kafi-malam, da nonon kurciya, da alkamar tururuwa, da ƙuduji wanda na tumɓuke da haushi don na san abin da yake yi wa gona, da wasu da yawa da ban san sunansu ba. Ciyawar kowane fegi na tara ta a gefensa, tsibi guda. Na bi da tsintsiya, na kawo fararen duwatsu daga ƙorama na jera daga turke zuwa turke.

Da Baba ya dawo, ban bari ya jingine keken da kyau ba na ja hannunsa. Ya tsaya a gaban fegi na farko. Ya cire hularsa, ya mayar. Sannan ya zauna a ƙasa da farar rigarsa ta Juma'a.

"Rakiya, wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Baba. Ai baƙi za su zo."

"Guda nawa?"

"Uku. Da rana ba ta yi zafi ba, da na yi na huɗu."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya yi salati. Daga fuskarsa na gane, tun kafin a yi mini bayani.

A gida aka zauna gindin tsamiya, tuwo ya huce a kwano. Umma ta ce a faɗa musu gadu ne ya yi tono. Baba ya ce, "Gadu ba ya jera duwatsu, Hauwa." Sai ta rage murya ta kawo shawara ta biyu, wadda har yau nake ganin kowace uwa mai 'ya'ya uku da ɗaki ɗaya a gidan miji za ta iya kawowa. Ta ce turaku ne kawai, a zare su a matsa taku biyar cikin ciyawar da ba a taɓa ba, a mayar da ƙaya, wa zai sani? Na ga Baba ya dubi rijiyar, ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Daga nan ya ce, "In na matsa turakun nan, littafin matar nan zai riƙa yin ƙarya duk shekara, kuma ni na sa shi." Umma ta ce, "To mu fara ɗaure kaya." Inna ta tashi ta jiƙa tsofaffin buhuna uku a bakin rijiya, ta ce in ɗauka in biyo ta, muka je ta lulluɓe tsibin ciyawar nan ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da hantsi suka iso, a mota mai buɗaɗɗen baya da babura uku. Akwai ɗaliban sakandare, da wani tsohon ma'aikacin asibiti mai farin gemu, da matan aure biyu, da wani malamin allo da aka sani da haɗa magani. Sun zo da igiyoyi da littattafai, da tsofaffin jaridu a matse tsakanin katakai. Madam doguwa ce, da takalmin roba da hular kaba. Baba bai bari ta sauko ba, ya tare ta a bakin ƙofa ya ce mata fegi tara suna nan lafiya, uku an nome su jiya, kuma hannun gidansa ne. Bai faɗi sunana ba. Ina laɓe bayan ƙyauren, ban san lokacin da na fito na ce, "Ni ce, Madam."

A fegi na farko ɗaliban suka ƙyalƙyale da dariya har wani ya riƙe itace. Tsohon ma'aikacin asibitin ya dubi duwatsun da na jera ya ce, "Kai! Wannan yarinya a kai ta gidan gwamna, masu lambunsa su koyi aiki." Madam ma ta murmusa. A na uku ne murmushin ya ɗauke. Ta durƙusa a kusurwar gabas tana tona ƙasa da yatsu. Kafin fartanyata ta bi, akwai wani ɗan tsiro a wurin, bai wuce tafin hannu ba, da ƙananan furanni farare masu ratsin kore. A duk dajin nan kaɗai ta taɓa ganinsa, shekara uku tana zuwa tana samun ganye kawai, bana take sa ran furensa. Na tuna shi sarai, don yana da ɗan ƙullutu a ƙasa kamar aya, sai da na sara sau biyu ya fita.

Muna tsaye sai ga Inna tana dogara sanda, da tabarma a hamata. Ta shimfiɗa, ta yaye buhu na farko, ciyawar tana nan shar kamar yanzu aka cire ta. Ta dubi Madam ta ce da Fulatanci, "'Yar nan, ke da littafinki, ni da hancina. Zauna." Madam ta zauna. Inna ta riƙa zaro tsiro ɗaya-ɗaya, ta murza ganye ta shinshina, ta dubi saiwa, ta faɗi sunansa da Hausa da Fulatanci, ta faɗi amfaninsa, ta ajiye shi tare da 'yan uwansa. Malamin allon ya yi mata gardama a kan guda biyu, ta ce masa, "Malam, kai a busasshe ka san shi, ni tun yana jariri." Ni kuma, da yake hannuna ya cire su, sai aka riƙa tambayata inda kowanne yake tsaye, ina nunawa da kara. Ɗalibai suka cika takardu. Da aka zo kan ɗan tsiron nan, Inna ta juya shi ta sake juyawa ta ce, "Wannan ba mu ba shi suna ba. Ba a ci, ba a sha, akuya ma ba ta kula shi." Madam ta ce, "Shi ya sa ni nake rubuta shi, Inna." Ta mayar da shi raminsa ta danna ƙasa a hankali.

Na zaci abin da Inna ta yi ya gyara ɓarnar. Amma Madam ba ta shigar da ko ɗaya cikin ƙidaya ba. Ta ce abin da ba ta gani a tsaye ba, ba za ta ƙirga shi ba. A babban littafin, a shafukan fegi ukun nan, kalma biyu ta rubuta, wani ɗalibi ya fassara mini: an nome. Sauran tara kuwa aka wuni a kansu. A nan na fara ganin manya sun durƙusa kan ciyawa ba don su cire ta ba. Sukan raba fegi da igiya gida-gida, mutum biyu su sunkuya suna kiran suna da adadi, ɗaya yana rubutawa, in an yi saɓani a sake daga farko. Abin da na share da tsintsiya jiya, shi suke ɗagawa da tsinke suna leƙa ƙarƙashinsa. Da la'asar, za su tafi, Madam ta ce wa Baba za ta rubuta wa shef abin da ta samu, ba ƙari ba ragi. Ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna jira. An buɗe lekol, ina zuwa ina dawowa ban san abin da aka koyar ba. Umma ta daina waƙa, ta wanke akwatinta na aure ta ajiye shi a buɗe. Gyaɗarmu ta fara nuna, ba wanda ya yi maganar ranar cira, don ba mu san ko mu za mu ci ta ba. Baba bai fasa zagayensa ba ko kwana ɗaya, bai kuma taɓa ni ba, ni kuwa da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Kowace yamma nakan kai wa ɗan tsiron nan ruwa a gwangwani. A kwana na shida ya kwanta, bai sake tashi ba.

Shef da kansa ya zo, a kan babur, ranar wata Laraba da azahar. Ya ƙi zama. Ya tsaya gindin tsamiya ya buɗe takardar Madam yana karantawa yana juya ta da Hausarsa mai gargada. Ta rubuta cewa fegi tara ba ta taɓa samunsu a tsare kamar bana ba. Uku 'yar mai gadi ta nome su don girmama baƙi, kuma an yi asarar da ba za a iya mayarwa ba. Mai gadin ya faɗa mata tun a bakin ƙofa, alhali yana da dare guda da zai iya matsa turaku. Ta nemi a bar fegi ukun a inda suke, a riƙa duba su kowace Asabar a ga abin da zai dawo bayan fartanya, kuma wannan sai wanda yake zaune a wurin. Shef ya ninke takardar ya ce, "Sharaɗina goma sha biyu ne, ba tara ba. Da niyyar karɓar makulli na tashi. Amma matar nan ta fi ni taurin kai." Ya kwance wata jaka daga bayan babur, ya miƙa wa Baba rigar kaki da hula. Sannan ya nuna ni da makullin babur ɗinsa ya ce, "Wannan kuma a ɓoye mata fartanya." Umma ta rangaɗa guɗa daga cikin madafi, awaki suka firgita. Bayan ya tafi Baba ya kira ni, ya ɗora mini hular kakin a kai, ta rufe mini ido. Ya ce, "Hannunki na aiki ne, Rakiya. Gaba ki riƙa tambaya."

Duban Asabar ɗin ni da Inna aka bar wa. Ita ta faɗi suna, ni in rubuta a wani littafi mai shuɗin bango da Madam ta aiko. Balasana ce ta fara dawowa, sai ƙuduji, wanda na koyi ƙirga shi ba tare da hannuna ya kai masa ba. A damina ta uku ba mai iya bambanta fegina da sauran. Ɗan tsiron nan ne kaɗai bai sake fitowa ba, ko a nan ko a wani wuri. Madam ba ta taɓa tuna mini ba, amma kowace shekara nakan ga ta fara zuwa wannan kusurwar kafin ta buɗe littafi.

Baba ya yi aikin har ƙarfinsa ya ƙare, a gidan aka haifi ƙannena biyu na ƙarshe, a nan Inna ta cika. Bara da damina na bi ta wurin. Da, daga ƙofar gidan ba ka hango komai sai gamba da itatuwa har gindin dutse, yanzu gonakin auduga da gidajen bulo sun zo har jikin wayar da aka kewaye dajin da ita. Har yanzu ana ƙidayar, wasu matasa ne ke yi, suna ɗora wayar hannu a kan fure ta ba su suna cikin harshen da ba wanda ya taɓa dafa miya da shi. Sun karɓe ni da mutunci, suka tambaye ni sunayen Hausa, na ba su abin da ya rage a kaina, bai kai rabin abin da na taɓa rubutawa ba. Wani mai gadin ne a gidan da iyalinsa, shanyarsu a kan igiya, hayaƙi yana tashi daga madafi. Na yi sallama daga waje, muka gaisa, aka ce in shigo in sha ruwa, na ce ina sauri. Ba sauri nake ba. Na zauna a gidaje da yawa tun daga nan, amma wanda na kusa raba mu da shi ne kaɗai nake kira gida.